Haƙoran Aksul Da Bappa Ya Ajiye

Na Allah ne mu, can kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Bappa ya riga mu. Yayan mahaifina ne, makanike a Jega. In ka taɓa jan mota a tashar garin nan a shekarun baya ka san shi, mai gyaran giyar mota da aksul, wanda ke ƙarƙashin dogonyaro bayan masu faci.

Gwaggo ce ta kira ni, ƙanwarsu, ita kaɗai ta rage cikin su uku. Ina cikin cunkoson motoci a Abuja. Ko sallama ba ta tsaya yi ba.

"Bappanka ya cika. In za ka taho ka taho, amma ba mu jiranka, rana ta yi zahi."

Ban samu jana'iza ba. An ce liman ya juyo ya ce duk mai wani abu a zuciya ya yafe masa, sahu ya amsa baki ɗaya. Ni zaman makoki na tarar. Tabarmi har bakin kwata, tsofaffin direbobi sun cika su, kowa da carbi. Wani tsohon kamasho na tasha yana girgiza kai yana cewa, "An yi rashin hannu. Wanga bawan Allah in yat taɓa ma aksul, ka mance da shi har ka sai da mota." Na kusa da shi ya karɓa, "Ga haƙuri. Ba shi da abokin hwaɗa."

Na kalli bakin da ya faɗi haka. Wallahi bakin nan ne, ina ɗan sakandare, ya nuna ni a tasha ya ce wa fasinjojinsa, "Kun ga marayan can? Bappanai yak kashe ubanai da sifana." Yau shi ne ke share hawaye da hannun riga. Na ce amin tare da kowa. Me zan ce?

Da na shiga cikin gida Gwaggo ta ja ni bayan rumbu.

"Uwakka ba ta zaka ba."

"Na lura, Gwaggo."

"Mata na ta ƙirga wa yaz zo, wa bai zo ba. Ni ba wannan ad damuwata ba. Ka tahi Alelu ka ɗauko ta. Ko ba ta yi kuka, ta dai buɗa baki ta ce ta yahe. Kar a bar mutum cikin ƙasa da wanga nauyi."

Shekara talatin da ɗoriya Inna, mahaifiyata, ba ta amsa gaisuwar Bappa ba, ko ta bakin ɗan aike. Shi ya sa nake wannan rubutu a waya da babban yatsa, ina zaune a mota. Ina son a san wane ne aka binne, kuma a san abin da ya shiga tsakaninsu.

Bappa ba ya taɓa inji. In ka kawo masa mota tana hayaƙi sai ya nuna maka rumfar gaba da haɓa. Shi daga giyabos zuwa tayoyin baya ne gonarsa. Yana cewa inji baki ne kawai, surutu, ƙafafun mota suna baya. Kuma ba ya yarda da abin da mai mota ya faɗa masa. Sai ya ɗaga bayanta da jak, ya ɗauko alli ya yi zane a taya, ya yi wani a farfela, sandar da ke kai juyin inji zuwa aksul, ya dinga juya tayar da hannu yana kallon zanen nan yana motsa leɓe kamar mai lazimi. In ya miƙe sai ya gaya maka irin haƙoran da ke cikin aksul ɗinka ba tare da ya kwance ƙusa ɗaya ba.

Iri biyu ya raba su, gajeren taku da dogon taku. Na a-kori-kura gajeren taku ne. Inji ya yi ta juyawa, taya ta juya kaɗan, sai mota ta tashi da kaya komai nauyinsu, amma a miƙaƙƙiyar hanya ihu kawai take yi ba ta zuwa ko'ina. Na salun, ƙaramar motar fasinja, dogon taku ne. Nawa wajen tashi, amma in ta kama hanya sai dai ka ga bayanta. "Jaki da doki," in ji shi. "Allah bai haɗa ma dabba guda biyun ba, kai wa kake da za ka haɗa ma ƙarhe?"

In ya haɗa sababbin haƙora, bular wanki yake kwaɓawa da ɗan mai ya shafa musu, ya juya, ya duba inda suka ciji juna. In cizon ya karkace ko da kaurin takarda ne sai ya sake kwancewa, kai kuwa ka yi ta duba agogo. Matarsa ta sha yin mita wai bularta ba ta kwana a gida. In aksul na kuka sai ya kafa sukundireba a jikinsa, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya rufe ido. Yara na kiransa likitan da ke sauraron ciki.

Mutum ne mai taurin kai, kar wani ya ce na ɓoye. Bai iya ba da haƙuri ba, bai iya zuwa wurin wanda bai kai shi shekaru ba. Ko ɗaurin aure ne, in na ƙasa da shi bai zo ya gaya masa da baki ba, ba ya zuwa.

Ni ban ga mahaifina ba. Ina ciki ya rasu, aka mayar mini da sunansa. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Gwaggo na tattara shi, da ɗan abin da Bappa ya bari ya zubo.

Lokacin da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, hanya ta rikice da motoci. Ma'aikata na kwaso iyali da katifu suna komowa Birnin Kebbi, 'yan kwangila na zirga-zirga, kowa na sauri kamar za a rufe ƙofar sabuwar jihar a bar shi waje. Matasan direbobi suka mai da hanyar Jega zuwa Aliero filin tsere. In an sauke fasinja da yamma sai a jera, a taka totur, wanda ya riga isa shi ke da bakin magana a teburin mai shayi har mako ya zagayo. Nan kasuwar Bappa ta buɗe. Kowa na son a ƙara wa motarsa tsawon taku, shi kuwa ya san wane haƙori ke shiga cikin wane aksul.

Mahaifina a-kori-kura yake ja, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Gwaggo ta ce dogo ne, mai son dariya, amma ba ya son a yi da shi. 'Yan salun in sun zo wuce shi sai su leƙo ta taga su yi kukan jaki. Ga shi ƙanen mai gyaran taku, ga shi shi ne na baya kullum. Ya je wurin yayansa.

"Yaya, ka sa man na salun."

"Motakka ta kaya ta."

"Kana sa ma ɗiyan wasu, ni da muka sha nono guda ka hana ni?"

"Ɗiyan wasu ba su ɗaukar albasa har ta hi rufin mota. In kana gangare da kaya, ba birki ka riƙe ka ba, haƙoran ga ka riƙe ka. Ka sauko giya, inji shi danne mota. In na ba ka dogon taku, ka sauko giya ta yi ma dariya."

Mahaifina ya daina cin abinci a akushi ɗaya da shi. Ya kai ƙara wurin tsohuwarsu, tana raye lokacin. Tsohuwa ba ta san aksul ba, ta san dai ƙaramin ɗanta na fushi. Ta kira Bappa ta ce, "Ƙarhe na za shi raba ku? Yi mai abin da shika so." Bappa ya yi, amma da sharaɗi. Damina ce, babu albasa, fasinja da 'yan buhuna kawai ake ɗauka. Ya ce ran da albasa ta fito, kafin a ɗora buhu ɗaya, a dawo da motar ya mai da mata nata haƙoran. Mahaifina ya rantse.

Ya ci tsere. Gwaggo ta ce ranar har gida aka rako shi da hon, a-kori-kura ta bar salun a baya, abin da ba a taɓa gani ba. Wanda ya ɗanɗana wannan, kai ma ka san ba zai kawo mota a mai da ita jaki da ƙafarsa ba. Albasa ta fito, bai zo ba. Suka haɗu a masallaci, Bappa ya yi masa magana gaban mutane, shi kuma ya ce shi ba yaro ba ne. Daga nan gaisuwa ma ta tsaya.

Lodin farko na shekarar, an yi wa motar tozo har sama, ya kama hanyar kudu. Bayan Maiyama akwai wani gangare da ke sauka kan kwalbati. Shanu na tsallakawa a ƙasa. Yaron motarsa, wanda ya yi tsalle ya tsira da karaya, ya ce ya ga maigidansa ya sauko giya kamar yadda ya saba, ya sake saukowa, motar ba ta ko rage ba. Birki ya yi zafi ya saki. Ya kauce wa shanun da mai kiwonsu, motar ta kife da shi. An ce albasa ta rufe kwalta har mutanen ƙauye suka yi ta tsinta, warinta ya daɗe a wurin.

Kafin a gama makoki gari ya yanke hukunci. Bappa ne. Ya san abin da zai faru ya ɗaura. Wasu har suka ƙara gishiri, wai motar yake so ya gada. Bayan makoki Inna ta koma gidan iyayenta a Alelu, can aka haife ni. Ran suna Bappa ya aiko da rago, ta sa aka mayar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Daga ranar Bappa bai ƙara sa wa motar kaya dogon taku ba, ko wa ka zo da shi. Mutanen nan da ke cewa ya kashe ƙanensa, su ne dai ke lallaɓowa da a-kori-kurarsu suna roƙon ya yi musu irin na marigayi. In ya ƙi, su koma tasha su ce baƙin ciki gare shi. Ya ɗaura, mugu. Ya ƙi ɗaurawa, ɗan baƙin ciki. Yau duk suna kan tabarmarsa suna cin gumbar sadakarsa.

Na san shi ne da na shigo Jega sakandare. Inna ta ja mini kunne kar in bi ta bayan masu faci. Ranar farko da na samu dama can na bi, don in ga fuskar wanda ya mai da ni maraya. Yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai a waje. Ya turo kansa ya fito, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ba wanda ya gaya masa ko ni wane ne.

"Ƙanena," ya ce. "Ka ci abinci?"

Haka ya kira ni har ya mutu, saboda sunan da nake ɗauke da shi. Bai taɓa jan hannuna ya ce in koyi aiki ba, bai taɓa tambayata me Inna ke faɗa a kansa ba. Zai dai sa a kawo mini tuwo da miyar sure daga gida, ya zauna gefe yana goge hannu da tsumma yana kallon ina ci. Duk shekara in albasa ta fito sai ya aika da buhu Alelu. Duk shekara Inna ta sa a kai wa maƙwabta ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ya sani. Bai fasa ba.

Sau ɗaya na tambaye shi kai tsaye, na riga na girma, gemu ya fara fitowa.

"Bappa, gaskiya ne abin da ake faɗa?"

"Mi aka hwaɗi?"

"Wai kai ka ɗaura."

"Ni na ɗaura."

"Shi ke nan?"

"Hannun ga na. Kana son in ce na wani na?"

Ya koma ƙarƙashin mota. Na tsaya ina jiran ƙari, sai ƙarar sifana kawai nake ji.

Da na sayi mota a Abuja na kawo masa ya sa albarka. Ya leƙa ciki yana neman kuloci bai gani ba. Na ce ai ita ke canja giya da kanta. Ya yi dariya har da tari. "Ashe an yi motar ragwaye. To in ta yi ma shawarar banza a gangare, wa za ka zaga?" Sannan ya daina dariya. Ya nuna mini 'yan lambobin da ke ƙasan sandar giyar, ya ce in na zo gangare in jawo ta nan da hannuna, kar in bar wa birki aikin shi kaɗai. Ya sa na maimaita a gabansa kamar ɗan allo. Ganina da shi na ƙarshe kenan yana tsaye da ƙafarsa.

Washegarin zuwana, tun ba a yi sadakar uku ba, 'yan gwangwan suka iso garejin da sikelinsu. Wani cikin dangi ya kira su, wai kar ɓarayi su riga mu. Na je na tarar ana jibga rayuwar mutum a kan sikeli. A jikin dogonyaron akwai wani ƙunshin buhu da ke rataye tun ina ɗan makaranta, ya yi baƙi da mai. Ɗaya daga cikinsu ya yanko shi ya kwance. Babban faifan haƙora ne da ɗan ƙaraminsa, suna ƙyalli kamar jiya aka wanke su. Tsohon mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya taso da sauri.

"Kai, aje wannan! Na motar ubanai na." Ya juyo gare ni. "Gajeren takun da yac cire. Duk shekara in albasa ta hito sai shi sauko da shi, shi wanke da kananzir, shi shahe da mai, shi mai da. Mun yi magana har mun gaji."

Na ɗauka na sa a but ɗin motata, na kama hanyar Alelu.

Na tarar da Inna tana tsince wake a tsakar gida. Ta ga abin da na ajiye a gabanta ba ta tambayi ko mene ne ba. Na gaya mata duk da haka. Na gaya mata saƙon Gwaggo. Na ce, "Inna, mutumin nan ya tafi. Kalma ɗaya ce. Ki zo ki ce kin yafe."

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Kai, zamna," ta ce.

Na zauna.

"Ana gobe ubanka za shi tahi, Bappanka ya zaka gidanmu da la'asar. Ubanka na Aliero wurin lodi. Ka san yayan miji suruki na, ba shi shigowa, ba ni hita. Yat tsaya bayan zana yai sallama. Yac ce, in ya dawo ki ce mai shi biyo da mota kahin shi kama hanya, aikin ba shi daɗewa. Nic ce to."

Ta ture tiren waken gefe.

"Da yad dawo ya gaji, ga yunwa. Kwanakin nan ko sunan yayanai anka ambata sai shi ture akushi shi hita. Ni ko amarya, ga ciki. Nic ce bari shi ci, bari shi huta, in hwaɗa mai da sahe. Da sahe ina bayi nij ji tashin mota."

Ban san lokacin da na ce, "Bappa ya sani?" ba.

"Ina zan sani? Bai taɓa tambaya ba. Kwanan makoki duka ina jiran shi tsaya bayan zana shi ce, kin hwaɗa mai? Bai ce ba. Anka yi ta zagin shi cikin gari, ina jiran shi ce ai na aika. Bai ce ba. Sai rago. Sai albasa. Duk buhun da yat turo, ji nike kamar tambayar ta cikinai." Muryarta ta tashi. "Da ya tambaye ni sau guda, da na hwaɗi na huta. Kuma shi da ad da ƙahwa, mi yah hana shi bin ƙanenai Aliero? Girma? Sai shi ɗora ma yarinya mai ciki?"

"To ki yafe masa wannan ɗin, Inna."

"Mi zan yahe, mi zan roƙa? Wanda za mu yi zancen da shi ya tahi."

Ta shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga ta ta fito da mayafi.

A Jega ta shiga cikin mata ta zauna, ta yi wa matar Bappa ya haƙuri, ta yi wa Gwaggo. Gwaggo ta tsare ta da ido tana jiran kalmar. Ba ta faɗa ba. Da muka fito za mu wuce ta gaban tabarmin maza ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Waɗanga na sunka ce ya kashe shi?" Na ce su ne. Ta ce, "Ka rubuta cikin wayag ga taka cewa ya aiko. Ka ce ni ta ban hwaɗi ba. Su karanta, ko ɗiyansu su karanta musu."

To ga shi na rubuta. Ban ce Bappa ba shi da laifi ba, shi ma bai ce ba. Ya ɗaura abin da ya san bai kamata ba don tsohuwa ta sa baki. Ya tsaya bayan zana a ranar da ya kamata ya hau mota ya bi ƙanensa har wurin lodi ya kama shi da kokawa. Kuma shirun da ya yi, ko rufin asiri ne ko taurin kan nan nasa ne, ya bar mahaifiyata da kayan da ba ta sauke ba har furfura. Ina jin haushinsa. Ina jin haushin Inna. Na fi jin haushin ku da kuka raba mu da shi da bakinku, yanzu kuke rige-rigen yabonsa.

Allah ka sassauta masa, ka haɗa shi da ƙanensa inda babu babba babu ƙarami, su gama maganar da suka bari. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Haƙoran suna but ɗina, na sake naɗe su cikin buhunsu. Ba su shiga motata, ba su shiga kowace mota da na sani a Abuja. Da na sauke Inna a Alelu har ta kai ƙofar gida sai ta juyo.

"Da wane mai shika shahe su?"

Na ce ban sani ba, zan tambayi mai faci.

"Tambayo," ta ce. "Albasa ta kusa hitowa."